Tsari da Tsarin Bayanan Gudanarwa a Ma'aikatu: Darasi Daga Biyan Albashi



1.0 Gabatarwa

A ƙarshen kowane wata ma'aikatan gwamnati sukan zuba ido su ga shigar albashi. Kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su tambayi yadda aka yi sunansu ya kai ga takardar biya, ko wanda ya lissafa abin da za a ba su, ko inda za su nufa idan aka yi kuskure. Sai ran da albashin ya maƙale, ko ya zo da giɓi, sa'an nan mutum yake gane cewa tsakanin aikin da ya yi da kuɗin da zai karɓa akwai doguwar hanya, wadda takardu da alƙaluma suke bi daga wannan tebur zuwa wancan. Wannan hanya wani reshe ce ta abin da masana suke kira tsarin bayanan gudanarwa.

Laccar nan za ta fara da bayyana ma'anar tsari da gaɓoɓinsa, sa'an nan ta shiga batun bayanai da masu amfani da su, ta ɗauki biyan albashi ya zama babban misalinta. Abin da take son tabbatarwa shi ne cewa ingancin kowane tsarin bayanai yana rataye ne a wuri biyu: gaskiyar abin da aka rubuta tun daga tushe, da kuma buɗaɗɗiyar hanyar da labarin kuskure zai bi ya koma ga mai ikon gyarawa.

2.0 Ma'anar Tsari

Kalmar tsari ta fito ne daga aikatau tsara, watau a jera abubuwa bisa wata ƙa'ida, kowanne a mazauninsa. Bahaushe yakan ce tsarin mulki, da tsarin gini, da tsarin baitin waƙa. A fagen ilmin gudanarwa kuwa, tsari shi ne tarin sassa masu alaƙa da juna, waɗanda suke aiki tare domin cim ma wata manufa. Saboda haka sharuɗɗansa uku ne: sassa, da alaƙar da ta haɗa su, da manufa. Tsinke ɗari a warwatse ba sa share ɗaki, amma da zarar an ɗaure su sun zama tsintsiya, shi ya sa ake yi mata kirari da maɗaurinki ɗaya. Maɗaurin nan shi ne alaƙa, shara kuma ita ce manufa.

Wanda ya fi shahara wajen ɗora wannan tunani a kan turbar ilmi shi ne Ludwig von Bertalanffy, masanin halittu ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya tattara ra'ayoyinsa a littafin da ya fitar a 1968. A ganinsa, ba a fahimtar jiki mai rai ta hanyar yayyanka shi a duba kowace gaɓa ita kaɗai, domin rayuwar tana cikin yadda gaɓoɓin suke hulɗa da juna. Ya kuma nuna cewa ƙa'idoji iri ɗaya ne suke tafiyar da jiki, da inji, da ƙungiyar mutane.

Ma'aikata ma tsari ce. Abin lura a nan shi ne, a rubutun Hausa kalmar ma'aikata tana nufin wurin aiki, tana kuma nufin masu aikin, karin sauti ne kawai yake rarrabe su a baki. Wannan ya yi daidai da gaskiyar al'amari, domin wurin aiki ba ya zama tsari sai da mutanensa. A cikin kowace ma'aikata akwai ƙananan tsare-tsare, kamar sashen mulki, da sashen kuɗi, da rajista, da sito, da sashen ƙididdiga. Kowane sashe tsari ne a kan kansa, amma kuma gaɓa ce a jikin babban tsari. Har ila yau kowane tsari yana da iyaka, abin da yake bayan iyakar kuwa shi ne mahallinsa. Mahallin ma'aikatar gwamnati ya haɗa da majalisar dokoki mai amincewa da kasafin kuɗi, da bankuna, da ƙungiyoyin ƙwadago, da jama'ar da ake yi wa hidima. Tsarin da yake karɓa daga mahallinsa yana kuma mayarwa, shi ake kira buɗaɗɗen tsari. Duk ma'aikatar da ta rufe ƙofarta ta daina sauraron mahallinta, to, ta kama hanyar lalacewa.

3.0 Gaɓoɓin Tsari

Masana sun kasa aikin kowane tsari gida huɗu. Na farko shi ne shigarwa, watau abin da tsarin yake karɓa. Na biyu sarrafawa, watau aikin da ake yi a kan abin da aka karɓa. Na uku fitarwa, watau sakamakon aikin. Na huɗu shi ne komawar labari, watau sanarwar da take dawowa daga sakamakon zuwa ga mai riƙe da akala, domin ya auna ko an dace da manufa, in ba a dace ba ya gyara.

A sashen albashi, abin shigarwa shi ne takardar ɗaukar aiki, da matakin albashin ma'aikaci, da takardar ƙarin girma, da sanarwar canjin wurin aiki, ko ritaya, ko rasuwa. Matakan albashin nan, daga 01 zuwa 17, sun samo asali ne daga rahoton hukumar Udoji na 1974. Sarrafawa ita ce lissafa albashi da alawus, a cire haraji da kuɗin fansho da bashin da ake bin mutum. Abin fitarwa shi ne baucar biya, da umurni ga banki, da takardar albashin kowane ma'aikaci. Komawar labari kuwa ita ce koken wanda aka rage wa kuɗi, da tambayar mai binciken kuɗi, da rahoton banki cewa wani asusu ya ƙi karɓar abin da aka tura masa.

Gaɓa ta huɗun nan ita aka fi rainawa, alhali ita ce mai tsare sauran. Norbert Wiener, masanin lissafi ɗan Amurka, ya gina littafinsa na 1948 a kan wannan batu, inda ya nuna cewa dabba da inji duka suna daidaita kansu ne ta hanyar labarin da yake komo musu. Alal misali, idan zafi ya yi wa jiki yawa, labari yakan kai ga ƙwaƙwalwa, sai gumi ya karyo, jiki ya huce. Ma'aikatar da ba ta da irin wannan hanya tana iya shekara tana biyan mamaci albashi, tana hana rayayye, ba tare da wani ya farga ba.

4.0 Ɗanyen Bayani da Sarrafaffen Bayani

Wajibi ne a bambanta abubuwa biyu da ake yawan cuɗanya su. Ɗanyen bayani shi ne sunaye da ranaku da alƙaluma kamar yadda aka tattaro su, kafin a yi musu wani aiki. Sarrafaffen bayani kuwa shi ne wanda aka tace, aka jera, aka taƙaita, har ya isa a yanke shawara da shi. Bambancinsu kamar na gero a zangarniya ne da garin tuwo: sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an niƙa, an tankaɗe, kafin a ɗora tukunya. Ranakun haihuwar ma'aikata dubu biyar a cikin fayil-fayil ɗanyen bayani ne. Amma takarda guda mai nuna yawan waɗanda za su cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, a cikin shekara mai zuwa, da sassan da za su bari, wannan sarrafaffen bayani ne, domin da shi Babban Sakatare zai san inda zai nemi izinin ɗaukar sababbin ma'aikata.

Ana auna sarrafaffen bayani da siffofi biyar: ya zama gaskiya, ya zama cikakke, ya iso a kan lokaci, ya dace da buƙatar wanda aka kai wa, kuma kada wahalar samo shi ta fi amfaninsa. Daga nan za a iya cewa tsarin bayanan gudanarwa shi ne haɗuwar mutane, da ƙa'idojin aiki, da kayan aiki, domin tattara ɗanyen bayani, da adana shi, da sarrafa shi, da isar da shi ga shugabanni su yanke shawara.

Irin wannan tsari ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A zamanin En'e a Arewacin Nijeriya, karɓar haraji da jangali ya dogara ne a kan cikakken tsarin bayanai. Mai unguwa ya san kowane gida da baligan da suke cikinsa. Dagaci yakan tattara sunayen, malamin haraji ya rubuta, hakimi ya haɗa na gundumarsa ya aika birni, Ma'aji kuma ya shigar da kuɗin a littattafan Baitulmali. A kan waɗannan alƙaluma ake gina kasafin kuɗin shekara. Sai dai tsarin yana da wani rauni a gindinsa: wanda ake neman bayani daga bakinsa shi ne wanda bayanin zai cutar. Saboda haka makiyayi yakan kora wasu shanu daji idan lokacin ƙirga ya gabato, magidanci kuma ya rage wa ɗansa shekaru. Darasin da yake cikin wannan bai tsufa ba. Duk inda faɗin gaskiya zai jawo wa mai faɗi hasara, ko ƙarya ta jawo masa riba, to, a sa ran alƙaluman da za su hau sama sun gurɓata tun daga ƙasa.

5.0 Matakan Gudanarwa da Buƙatar Kowanne

A 1965 Robert Anthony na Jami'ar Harvard ya kasa aikin gudanarwa mataki uku, kuma har yanzu ana koyar da wannan rabo. A ƙasa akwai masu lura da aikin yau da kullum, a tsakiya akwai masu kula da yadda ake amfani da dukiya da ma'aikata, a sama kuma akwai masu tsara manufa ta dogon lokaci.

Buƙatar kowane mataki daban take. Akawun albashi yana buƙatar bayani filla-filla, suna bayan suna, kobo bayan kobo, a kowane wata. Daraktan kuɗi ba ya buƙatar sunaye. Abin da yake so shi ne jimillar kowane sashe, a kwatanta ta da kasafi, a kuma ja hankalinsa ga inda aka kauce, kamar sashen da albashinsa ya ƙaru alhali ba a ɗauki kowa ba. Babban Sakatare da Kwamishina ko Minista kuwa suna duban shekaru masu zuwa: nawa albashi yake ci daga cikin kuɗin shiga, kuma me zai faru idan aka ƙara mafi ƙarancin albashi. Watau yayin da ake hawa sama bayani yana ƙara taƙaituwa, yana kuma ƙara dogara a kan abin da yake faruwa a wajen ma'aikata.

A nan akwai wani tarko. A 1967 Russell Ackoff, wani masani ɗan Amurka, ya yi gargaɗi cewa abin da ya fi damun shugabanni shi ne yawan bayanin da ba su da buƙata, fiye da ƙarancin wanda suke buƙata. Duk wanda ya taɓa ganin teburin babban jami'i da fayil tsibi-tsibi ya san gaskiyar wannan magana. Rahoto mai shafi ɗari biyu yakan binne layi ɗayan da ya kamata shugaba ya gani. Aikin tsarin bayanai ne ya tankaɗe, ya miƙa wa kowa gwargwadon abin da zai yi aiki da shi.

6.0 Shigowar Kwamfuta

Amfani da inji wajen sarrafa alƙaluma ya bunƙasa ne a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, inda aka yi aiki da katuttuka masu huji da Herman Hollerith ya ƙirƙiro. Kamfaninsa yana cikin waɗanda suka haɗe a 1911 suka zama kamfanin da aka sa wa suna IBM a 1924. Kwamfuta ta farko da ta yi aikin ofis kuwa ita ce LEO, ta kamfanin J. Lyons mai shagunan shayi a Ingila. Ta soma lissafin kayan gidan burodi a 1951, ta kuma kama lissafin albashi a 1954. Abin lura shi ne cewa kamfanin ya daɗe da tsara aikin ofisoshinsa da kyau kafin ya gina injin. Tsarin ne ya fara zuwa, inji ya biyo baya.

Kwamfuta tana da sauri, ba ta gajiya, tana iya riƙe bayanan miliyoyin mutane, intanet kuma ta sa ofishin da yake Maiduguri yana iya ganin abin da aka shigar a Abuja nan take. Amma ba ta san gaskiya daga ƙarya ba. Idan aka shigar mata da sunan wanda ba a taɓa haifa ba, za ta lissafa masa albashi daidai, ta cire masa haraji, ta tura masa kuɗi a kan lokaci. Abin da aka shuka shi ake girba.

7.0 Albashin Gwamnatin Tarayya

Shekaru da dama kowace ma'aikatar Tarayya ita take riƙe da jerin sunayen ma'aikatanta, a ba ta kuɗin albashi dunƙule ta raba. Tun da jerin sashen mulki da na sashen kuɗi ba lalle ne su dace ba, kuma babu wata cibiya da take kwatanta na wannan ma'aikata da na waccan, sai ƙofa ta buɗe ga abin da aka sani da ma'aikatan bogi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

A 2007 Gwamnatin Tarayya, da tallafin Bankin Duniya, ta fara gwajin wani tsari da aka fi sani da IPPIS, wanda manufarsa ita ce a haɗa bayanan ma'aikata da na albashi a rumbu ɗaya, a ɗauki hoton yatsun kowa, a kuma tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mai shi. Daga baya aka danƙa kula da biyan ga ofishin Akanta Janar na Tarayya. A 2014 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar tantance masu asusu, watau BVN, mai alƙaluma 11, wadda take ɗaure dukkan asusun mutum ɗaya da yatsunsa. Da aka kwatanta jerin albashi da waɗannan lambobi, sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwa a watan Fabrairu na 2016 cewa an cire sunaye fiye da 23,000 daga takardar biya. Dabarar da ta tona asirin tsohuwa ce a wurin masu binciken kuɗi: a auna bayani ɗaya da wani bayanin da ya fito daga wata majiya daban.

Duk da haka tsarin ya gamu da cikas da aka so shigar da jami'o'i. Gwamnati ta tsaya a kan cewa duk mai cin albashinta dole ya shiga rumbu ɗaya, in ba haka ba ɓarna ba za ta toshe ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce tsarin bai yi la'akari da yanayin aikin jami'a ba, kamar hutun bincike na shekara guda da malami yakan yi a wata jami'a, da koyarwar ziyara, da ritayar farfesa a shekara 70, da kuma ikon da doka ta ba majalisun gudanar da jami'o'i. Wannan saɓani yana cikin dalilan dogayen yajin aiki na 2020 da 2022. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, batun a idon ilmin tsari batu ne na iyaka: ina ya kamata a ja layi, kuma shin an tambayi masu amfani da tsarin kafin a zana shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

8.0 Idan Aka Toshe Komawar Labari

Misali mafi tsanani na abin da yakan faru idan aka gaskata inji aka ƙaryata mutum ya fito ne daga Birtaniya. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara amfani da wani tsarin lissafi mai suna Horizon, wanda kamfanin Fujitsu ya gina, a dubban ƙananan rassanta. Ba da daɗewa ba tsarin ya riƙa nuna giɓin kuɗi a wasu rassa, alhali babu abin da ya ɓata. Bisa yarjejeniyar aiki, mai riƙe da reshe shi ne zai cike giɓi daga aljihunsa. Waɗanda suka kai kuka, da yawansu an gaya musu cewa su kaɗai ne suke da wannan matsala.

Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa mutum fiye da 900 hukunci a kan sata ko maguɗin lissafi, bisa shaidar alƙaluman Horizon. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun rasa gidajensu da mutuncinsu, wasu sun rasu kafin a wanke su. Sai da mutum 555 suka haɗu ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara, sa'an nan Babbar Kotu ta tabbatar a 2019 cewa tsarin yana da kurakurai masu iya haifar da giɓin ƙarya. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukunci 39, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman domin soke ɗaruruwan da suka rage.

Babu tsarin kwamfuta da ba ya kuskure, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Babban laifin shi ne cewa labarin kuskuren ya yi ta dawowa shekara da shekaru, daga bakin mutanen da suka fi kowa sanin aikin, amma aka ɗauki kokensu a matsayin shaidar rashin gaskiyarsu. Da an tattara koke-koken nan wuri ɗaya an kwatanta su, da tun da wuri an gane cewa cutar ta tsarin ce.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo ƙa'idoji huɗu ga duk wanda aka ɗora wa kafa tsarin bayanai ko kula da shi. Da farko, a fayyace shawarar da ake son yankewa da wanda zai yanke ta kafin a yi maganar sayen inji. Na biyu, a ba ƙaramin ma'aikacin da yake shigar da bayani horo da kayan aiki da daraja, domin duk ginin a kansa ya tsaya. Na uku, kada hannu ɗaya ya ɗauki aiki, ya shigar da suna, ya kuma amince da biya. A raba ayyukan, a riƙa auna kowane jeri da wani mai zaman kansa. Na huɗu, a buɗe wa koke ƙofa sananniya, a rubuta kowane koke, a sa masa wa'adin amsa, a kuma riƙa kai taƙaitaccen rahotonsa ga shugaba kowane wata, kamar yadda ake kai masa rahoton kuɗi.

Ɗaliban da suke wannan zaure, da yawansu gobe su ne akawu da daraktoci da manyan sakatarori. Ma'aikatan da suke nan kuwa sun riga sun san cewa bayan kowace lamba a takardar albashi akwai gida mai jiran cefane, da ɗan makaranta mai jiran kuɗin jarrabawa, da tsoho mai jiran fansho. Ranar haihuwa ɗaya da aka rubuta ba daidai ba tana iya tura mutum ritaya shekara biyar kafin lokacinsa. Saboda haka akawun da ya tsaya ya tantance takarda kafin ya shigar, da shugaban da ya saurari mai koke kafin ya ce inji ba ya ƙarya, su ne ainihin masu riƙe da tsarin.